Idan Tafireta Ta Yi Shiru

Litinin, 5 ga Mayu

An ɗauke ta! An ɗauki Jikalle aiki a gidan talabijin. Gidan talabijin ɗinmu, wanda ni na kafa ƙofar ɗakin shirinsa na farko da hannuna. Kuma ba kai takarda ko amsa waya ba: marubuciyar wasan ban dariya.

Ina kan kujerar mai aski ta bugo. Na miƙe da rabin kai a aske, mai askin ya biyo ni har bakin titi yana, "Baba, tawul ɗina!" Na gaya wa mai facin taya. Na gaya wa mai kantin magani. Na gaya wa wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya, ya taya ni murna sosai, sai da ya yi nisa na tuna ban nuna masa hanyar ba.

Tsohuwa ta ce, "Malam, zauna, kafin jininka ya hau ya bar ka a ƙasa." Ita ma fa hawaye take yi, wai albasa ce. Babu albasa a gidan nan tun Juma'a.

'Yar ɗana ta fari. Wadda nake ɗorawa a wuya tana ja mini kunne. Alhamdulillahi.

Talata, 6 ga Mayu

Ta zo da yamma da katin aiki rataye a wuya. Na sa tabarau na karanta shi har lambar da ke ƙasa.

Ashe da sauran magana. Gwaji ne. Su uku aka ɗauka, kujerar kuwa ɗaya ce. Ranar 14 ga Yuni gidan zai cika shekara hamsin, an ba kowannensu abin da zai shirya, wanda nasa ya fi kyau shi zai zauna. Ita an ba ta "Ofishin Ɓatattun Kaya." Shirina. Za a sake yin kashi ɗaya, kai tsaye, na rabin awa, da ainihin rubutun da. Domin ranar ganawa ta gaya wa Darakta cewa kakanta ne mai shirin, kuma takardun suna nan a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa.

"Tsoho, ina makullin?"

Na ce ya ɓata. Ta ce to mu je ofishinka mu tambaya. Muka yi dariya. Tata ta fi tawa tsawo.

Laraba, 7 ga Mayu

Zarto biyu, guduma, tef ɗin awo, gwangwanin kusoshi. Abin da ke cikin akwatin ke nan. Makullin yana aljihuna.

Alhamis, 8 ga Mayu

Bari in faɗi gaskiya ko a nan ne, tunda littafin nan ba shi da baki.

Ni na yi "Ofishin," amma ban rubuta shi ba. A lokacin ko sunana aka rubuta a bango sai in tambaya wane ne.

Kafinta aka ɗauke ni. Gidan gaba ɗaya ɗaki ɗaya ne, da kyamara ɗaya mai nauyin saniya, da fitilu masu narkar da man gashi. Kusurwa ɗaya labarai, kusurwa ɗaya shirin yara, ni ne mai juya bangon katako a tsakaninsu. Wata rana ƙafar teburin labarai ta karye saura minti biyu a fara, na shiga ƙarƙashi na tallafe shi da kafaɗa. Minti ashirin. Yaƙi biyu da ambaliya ɗaya, duk a kafaɗata aka karanta su. Da aka gama, baƙon da za a yi hira da shi bai zo ba, fim ɗin da za a sa ya maƙale, Manajan wancan lokaci yana ta cizon hula. Ni kuwa na fito daga ƙarƙashin tebur ina mita, ban san kyamara tana kaina ba. Minti bakwai na yi ina gaya wa teburin nan abin da ke raina, har da iyayensa na daji. Washegari a kasuwa mutane suna tambaya yaushe mai tebur zai dawo.

Daga nan aka ce in riƙa kawo wasa duk mako. Aka haɗa ni da Akawu, mai buga takardun ofis, don 'yan wasa su sami abin riƙewa. Ga yadda muke yi. Ni ina kai da komo a ɗakin katako da guduma a hannu, ina zuba magana, ina yin muryar kowa. Shi yana zaune da tafireta a kan benci, fuska kamar an kawo masa sammaci. Bai taɓa dariya ba, ko sau ɗaya. Idan magana ta yi, sai in ji kat-kat-kat. Idan ba ta yi ba, shiru. Ba ya cewa uffan. Sai in juya ta, in sake, in sake, har tafireta ta amsa.

Shekara tara muna haka. Kuma a ƙarshen kowane kashi, allon da ake ɗagawa gaban kyamara yana cewa shi ne marubuci. Ban sani ba. Ni na yanka katakon allon. Sau da yawa ma ni nake riƙe shi, ina murmushi a bayansa. Sai a shekara ta tara wani maƙwabci ya ce mini, "Kai kuma me kake yi a can, tunda Akawu ne mai rubutawa?" Na je ofis, suka ce wanda yake kafinta a takarda ba ya zama marubuci a allo. Akawu ya ce shi abin da aka ba shi ya buga. Na kwashe kayana na fita. Shirin ya mutu bayan wata biyu. Shekara arba'in ke nan ban yi masa magana ba.

Haushin allon nan ne ya kai ni makarantar yamma ta manya ina da shekara arba'in da shida, ina zama a bencin da ni na ƙera wa yara. Da Jikalle ta yi wayo ta tambayi aikina, na ce marubuci. To, ai a lokacin na iya. Ban dai faɗi yaushe na iya ba.

Takardun ainihi kuwa, matar kantin gidan talabijin ta naɗe burodi da su tun tuni. Faya-fayan da aka ɗauka daga baya an goge su an ɗora wasan ƙwallo a kai.

Asabar, 10 ga Mayu

Na yanke shawara. Wasan yana kaina, yanzu kuma na iya rubutu, me ya rage? In rubuta, in tsufar da takardar. Ba ƙarya ba ce. Jinkiri ne na shekara arba'in.

Na sayi littafi mai shafi tamanin da biro biyu.

Litinin, 12 ga Mayu

Shafi huɗu. Hannuna kamar na yini ina yankan katako.

Malamarmu ta makarantar yamma, Allah ya jiƙanta, ta koya mana cewa rubutu ba hira ba ne, yana da ladabinsa: a buɗe da gaisuwa, a cika jimla, a rufe da godiya. Ina bin ƙa'ida sosai. Ba za a ce jikata ta kai rubutun jahili ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na gama. Na jiƙa shafukan a shayi na shanya su a igiya tsakanin wankin Tsohuwa.

Ta fito ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Malam, wannan wane irin wanki ne?"

Na ce aikin ofis ne.

"Da madara ka yi, ko?"

Da madara na yi, da sukari, don ragowar na safe ne. Kafin rana ta take, tururuwa sun buɗe taro a shafi na tara. Na kore su. Na ɗan ƙona gefe-gefe da ashana don a ga tsufa, shafi na goma sha biyu ya tsufa gaba ɗaya. Na sake rubuta shi.

Tana kwashe wanki ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ka gaya wa yarinyar nan gaskiya." Na ce wace gaskiya? Ta ce, "Ni da na shekara ashirin ina karanta maka katin asibiti kake tambaya?"

Matar nan ba ta mantuwa. Shi ne aibinta.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ba ta. Na ce makulli ya fito a cikin tsohon takalmi. Ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta juya bayan littafin, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tsoho, rubutun da har ƙamshin madara yake yi." Na ce takardar zamaninmu ke nan, ba irin taku ba.

Talata 'yan wasa za su karanta a gaban Darakta. An gayyace ni.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na gaya wa mai aski an gayyace ni. Ya ce wannan karon sai ya ɗaure ni a kujera kafin ya fara.

Talata, 20 ga Mayu

Hawa huɗu gidan yake yanzu. Mai gadi bai san ni ba, ya ce in rubuta sunana a littafi. Na rubuta a hankali, da manyan baƙaƙe, har ya ce, "Baba, akwai mutane a bayanka." Su jira.

Ɗakin shiri sanyi kamar cikin firji. Kyamarori biyar, kowace ba ta kai kan akuya ba. Na duba ƙofar. Gilashi ne. Ban tambayi tawa ba.

Darakta mace ce, ba ta kai ɗana shekaru ba. Ta rusuna ta ce, "Baba, da labarin shirinku muka girma." Aka ba ni kujerar gaba da ruwan roba. Aka raba takardu. Ɗan wasan farko ya gyara murya:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa takalmina na ƙafar dama ya ɓata."

Mai yin ma'aikacin ofis ya amsa: "Na samu bayaninka, kuma na fahimci abin da ke ciki."

A takarda wallahi yana da kyau.

Rabin awa. Ba wanda ya yi dariya. Na'urar sanyi kawai ake ji. Mai kyamara ya yi tari sau ɗaya, na juya da sauri ina tsammani. Da aka zo "Na gode, naka mai biyayya, mai takalmi," wata 'yar wasa ta ɗora kai a kan tebur.

Darakta mutuniyar kirki ce. Ta ce, "Wataƙila dariyar zamanin da daban ce." Amma a bakin ƙofa na ji ta gaya wa Jikalle, in zuwa Litinin 2 ga wata babu abin da ya fi wannan, waƙoƙi za a sa a wurin.

Muka dawo gida a mota, ni da Jikalle. Ta riƙe mini hannu wajen sauka. Da ta zage ni da ya fi.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban fita ba. Mai facin taya ya aiko tambaya wace rana za a nuna.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ta zo tun da hantsi ta zauna a falo, ta ajiye littafin a tebur, bayansa a sama.

"Kaka, a zamaninku kamfanin buga littafi yana sa lambar wayar hannu?"

Na duba. Ga ta nan, ƙuru-ƙuru. Na jiƙa ta a shayi da hannuna ban gan ta ba.

Sai na faɗa mata komai. Tebur, guduma, allo, Akawu. Ina yi ina kallon ƙasa. Da na gama ta nuna bango da haɓa, inda takardar shaidata ta makarantar yamma take rataye.

"Tun ina aji huɗu na iya ɗebewa, Tsoho. Shekara goma sha huɗu tsakanin mutuwar shirin da wannan."

Na ce kin sani?

"Kai fa ka sa ta a gilashi. Kana sa kowane baƙo ya karanta kwanan watan da ƙarfi."

Daga kicin na ji Tsohuwa tana dariya har da buga murfi.

Ta ce ita ta zaci takardun suna nan, ko da wani ne ya rubuta mini. Zarto ne bai zo mata a rai ba. Ta ce, "Bar kukan nan, ba ya maka kyau. Tashi ka yi mini yadda kuke yi."

Ta buɗe kwamfuta. Na ɗauko guduma na fara kai da komo. Muryoyin suka dawo, har ni na yi mamaki. Amma ga matsala. Yarinyar nan ko "ina kwana" na ce sai ta ƙyalƙyale, kuma duk abin da na faɗa sai ta buga. Zuwa la'asar shafi arba'in da ɗaya. Ta karanta mini, na rasa wanne ne nama wanne ne ƙashi. Ita ma ta rasa, wai muryata take ji a kowane layi.

Ta rufe kwamfutar ta ce, "Baba Akawu yana da rai?"

Tsohuwa ta leƙo ta ce yana wurin 'yarsa, bayan tashar mota, suna haɗuwa da 'yar a asibiti duk wata. Duk wata! A gidana ake wannan ban sani ba.

Na ce ko sama za ta faɗo.

Asabar, 24 ga Mayu

Na nemi wani alƙalin. Na gwada Tsohuwa, ta ce shekara hamsin take jin waɗannan, yanzu kamar ƙarar fanka suke mata. Na gwada mai aski, ya yi dariya tun kafin in kai wurin dariyar. Ɗan kasuwa ne. Na gwada mai kantin magani, ya saurara har ƙarshe ya tambaya ko ina shan maganina kan lokaci.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ba zan je ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Ba zan je ba. Saura mako ɗaya.

Jikalle ta bugo ta ce kar in damu, wai akwai wani kamfanin sabulu da ke neman mai rubuta talla. Muryarta kamar ta mai mura. Sabulu.

Talata, 27 ga Mayu

Na je.

Yana zaune a baranda cikin kujerar roba. Ya ƙanƙance, idanun sun yi fari, ba ya gani sai inuwa. Na yi sallama a daƙile. Ya karkata kai.

"Kafinta. Har yanzu kana jan ƙafar hagu."

Na ce har yanzu fuskarka kamar sammaci.

"Allonka ka zo karɓa?"

Na ce ba don kai na zo ba.

"Na sani. Ni ma ba don kai nake zaune ba."

Jikalle, da ta rako ni, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara. Ya ce, "Wannan ta fi ka hankali. Dangin uwa ta biyo." Sannan ya ce shi ba ya gani, me zai buga? Na ce ba rubutunka nake so ba, ƙararka nake so.

'Yarsa ta sauko da tafiretar daga kan kabad. Babu zaren tawada, babu takarda, baƙaƙe biyu sun maƙale. Aka ɗora masa a kan ƙaramin tebur. Muka shirya: ni in yi magana, shi ya buga iska, Jikalle kuma kada ta taɓa kwamfuta sai ta ji ƙara. Aka hana ta dariya. Na manta gudumata a gida, 'yar ta ba ni ludayi.

Minti arba'in shiru. Minti arba'in! Na yi gumi har cikin takalmi. Na kawo abubuwan da na rantse gari ya kwana yana dariyarsu, mutumin nan yana zaune hannu a cinya kamar mai jiran allura. Har na fara zargin ramuwa yake yi. Haushi ya kama ni, na watsar da gaisuwa da ladabi, na daka wa bango ludayi na ce:

"Malam, takalmina ya ɓata."
"Yaya kamanninsa?"
"Ga ɗan'uwansa a ƙafata."
"Wannan na hagu ne. Wanda aka tsinta na dama ne. Ba naka ba ne. Na gaba!"

Kat-kat-kat-kat.

Sai da na je na duba wani abu a bakin baranda. Ƙura ce ta shiga mini ido.

Alhamis, 29 ga Mayu

Kwana uku muna yi. Maƙwabta sun fara jeruwa a kan katanga.

Yau mun yi faɗa. A kan wurin da wata mata ta kawo mijinta ofis a cikin wasan ne. Ta ce, "Na tsince shi a falo, shekara ashirin ba wanda ya zo nema." Ma'aikaci ya duba littafi ya ce, "Ai in an wuce wata uku, ya zama na wanda ya tsinta." Tafireta ta amsa har nan, ta tsaya cak. Ni kuwa ina da layi huɗu a gaba, masu kyau, inda mijin yake ba da amsa. Na maimaita su sau uku. Shiru. Na ce kurma ka zama kuma? Ya ce, "Matar ta fashe da kuka, a rufe. Mijin kada ya ce komai."

Jikalle ta karanta wa mutanen katanga duka biyun. Nawa suka yi murmushi. Nasa wani ya faɗo.

Na ce dama can haka kake yanke mini? Ya ce, "Duk mako. Cikin goma da kake zubawa, ɗaya ce ta mutane. Ka zaci bugawa ce aikin? Ƙin bugawa ne aikin."

Ban ba shi amsa ba, don ina shan ruwa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Yau ranar Jikalle ce, bari in rubuta da kyau.

Mun maƙale a tsakiya, muna neman mutum na uku da zai shigo ofis. Na kawo mai laima, shiru. Na kawo mai agogo, shiru. Sai ta ce a hankali, kamar mai jin kunya, "In mutum ya zo wayarsa ta ɓata fa? Ma'aikaci ya ce, bar mana lambarka, da an same ta za mu kira ka."

Kat-kat-kat-kat-kat! Har da ƙararrawar ƙarshen layi.

Karo ɗaya. Ni da nake shan minti arba'in. Na ɗaga ludayi sama ina ihu, "Jikata ce! Jinina ce!" Akawu ya ce, "Dangin uwa." Ta ƙara kawo uku, biyu suka shiga. Ɗayan da aka ƙi ta yi ta juya shi har ya shiga, ba wanda ya koya mata.

Mai laima ma yana da kyau. Ba su gane ba ne.

Asabar, 31 ga Mayu

Mun gama. Shafi goma sha tara.

Jikalle ta shiga ciki da 'yarsa, aka bar mu mu biyu. Can ya ce, yana fuskantar titi, "Ran da aka fara rubuta allon, mai fenti ya tambaye ni sunan wa. Na ce a tambayi ofis. Na san abin da ofis za su ce." Sannan ya ce, "'Ya'ya shida gare ni a lokacin, kuma ina son ganin sunan."

Bai ce yi haƙuri ba. Ni ma ban ce na haƙura ba. Aka kawo shayi. Kofinsa yana nesa da hannunsa, na tura masa, don kada ya zubar a kan takalmina.

Litinin, 2 ga Yuni

Kafin a fara ta miƙe ta gaya wa Darakta gaskiya a gaban kowa: babu rubutun da, wancan kakanta ne da shayi, wannan kuwa sabo ne, mutum uku suka yi. Na so ƙasa ta buɗe. Darakta ta ce, "Dama na yi mamakin tururuwar da na gani a shafi na tara."

Aka karanta. Mai kyamara sai da ya fita waje.

Ba za a sa waƙoƙi ba.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi. Ƙarfe bakwai na yamma, kai tsaye, ɗaki cike.

Aka zaunar da mu a gaba, ni da shi, Tsohuwa a tsakiya kamar ɗan sanda. Daga baya ta gaji da miƙa saƙo ta ce mu sauya wuri. Ina gaya masa abin da ke faruwa: yanzu ya ɗaga ƙafa, yanzu matar ta jawo mijin da kunne. Ya ce, "Yi mini shiru, ina jin mutane." Yatsunsa suna ta bugun hannun kujera. Wuri ɗaya suka tsaya, wurin da ni na nace a bari. Ɗakin ma ya tsaya. To.

Mai yin mijin bai ce komai ba, ya dai dubi kyamara ya ƙifta ido. Dariyar da aka yi sai da mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa.

A ƙarshe sunaye suka hau. Uku. Na karanta da kaina, da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ba. Akawu ya ce, "Wa ke sama?" Na ce yarinyar. Ya ce, "Sai wa?" Na ce sun wuce da sauri.

Na hango Jikalle a bayan gilashi da takardu a ƙirji tana tsalle. Na ɗaga mata hula. Hular ta faɗa kan wani babban baƙo.

Laraba, 18 ga Yuni

An ba ta kujerar! Takarda ta fito yau. Kuma Darakta tana son kashi goma sha uku, sababbi, na Jikalle ita kaɗai. Ta ce mini, "Tsoho, yanzu ka huta, na iya jin shirun da kaina."

Na gaya wa mai aski, a zaune, har ya gama. Na gaya wa mai facin taya sau biyu. Tsohuwa ta sayi albasa don ta sami hujja.

Juma'a, 20 ga Yuni

Gida shiru. Ba aikin da ya rage, ba wanda yake nemana.

Da safe ina gyara ƙafar kujera wani abu ya faɗo mini, game da mutumin da ya zo ofis neman tabaransa aka miƙa masa takarda ya cike. Na ɗauki biro zan sa shi a nan, sai na fasa. Ban san ko yana da ban dariya ba tukuna.

Gobe zan bi ta bayan tashar mota. Kusoshi zan saya, na can sun fi kyau.